Shafin Baya na Jaridarmu

Manyan makarantun arewacin Kamaru suna da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji. Kwalejin Mazenod da ke Ngaundare, wadda Bishop Yves Plumey ya kafa, ta yaye likitoci da malamai da manyan ma'aikatan gwamnati, kuma in irin waɗannan suka taru don tunawa da makarantarsu, ba a rasa abin yankawa. Mu katikis ba haka muke ba. Ni karatuna ya tsaya a firamaren mishan, daga nan sai makarantar koyon aikin katikis, inda na yi shekara 2, daga 2002 zuwa 2004. Duk da haka mu ma muna da 'yar jaridarmu ta tsofaffin ɗalibai. Takarda 2 ce ake ninkewa ta zama shafi 8, ana buga ta da Faransanci sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida. Ba ta bi ta gidan waya. Fada ne yakan sako ta cikin jakarsa in zai zo taro Marwa, ko a ba wani mai babur, saboda haka kafin tawa ta iso ni a nan unguwar Dugoi ta riga ta sha ƙura.

Shafin farko gaisuwa ce daga shugaban makaranta. Tsakiya kuwa albishir ne zalla: wane ya aurar da 'yarsa, ɗan wane ya shiga makarantar fadanci, ƙauyen wane sun yi wa ɗakin addu'arsu rufin kwano. Sai shafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A can shafin baya, da ƙananan baƙaƙe, akwai jerin sunayen waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba. Tun 2014 daga wannan shafi nake fara karatu.

Mu 18 ne a ɗakin kwananmu. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, gadajen ƙarfe 9 a kowane gefe, fitilar ƙwai ɗaya tal rataye a tsakiya. Wanda gadonsa ke ƙarƙashin fitila shi ne mai arziki, don yana iya bitar darasi a kwance, amma shi ne kuma ƙwari suke faɗo wa har gari ya waye. A watan Afrilu ɗakin yakan zama tanda, sai mu kwashe tabarmi mu fita ƙarƙashin dogon yaro. A Disamba kuwa in hunturu ya buso, wanda ba shi da bargo yakan rufa da buhu. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshe, kuma mai gadon bakin ƙofa ne ke buga ta da asuba. Har yau in na ji maƙeri yana dukan ƙarfe kafin rana ta fito, sai in ji ƙafata tana neman takalmi.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne harsuna. Akwai Mafa da Mofu da Mada daga duwatsun Mandara, akwai Giziga na kusa da Marwa, akwai Tupuri da Mundang da Masa daga wajen Kaele da Yaguwa. Ni kaɗai ne na tashi da Hausa a gida, domin mahaifina daga wajen Mubi ya zo. A aji Faransanci ake yi, a ɗaki kuwa Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a duk ƙasar nan. Amma kowane dare mutum ɗaya ne yake jan addu'ar kwanciya da harshen uwarsa, bi da bi. Ba ma jin abin da yake faɗa, sai dai mu jira inda muryarsa za ta sauka mu ce amin. Ran da ya zagayo kaina na yi da Hausa, wani Bamasa ya tashi zaune ya ce ashe ana yi wa Yesu magana da Hausa, shi da ya ɗauka harshen ciniki ne kawai. Aka yi ta dariya har sai da mai kula da mu ya ƙwanƙwasa taga.

Abinci tuwon masakwa ne da miyar yakuwa, safe da dare. Ran Lahadi a jefa busasshen kifi. Mutanen bakin kogin Logon suna raina kifin, su ce wannan ai ƙaya ce aka shanya, mutanen dutse kuwa su ce a miƙo musu in ba a so. Rediyo ɗaya muke da shi, na wani Batupuri, kuma ana karo-karon kuɗin batir. A kansa muka ji rasuwar Marc-Vivien Foé ran 26 ga Yuni 2003, lokacin da ya faɗi a filin ƙwallo a Liyon ta Faransa ana wasa da Kolambiya. Mun dawo daga gonar makaranta ke nan, mun zagaye rediyon. Daren nan ba wanda ya yi gardamar kifi.

An sha ba mu labarin Baba Simon, wato Fada Simon Mpeke, mutumin kudu, ɗaya daga cikin 'yan Kamaru 8 na farko da aka naɗa fada a 1935. Ya bar babbar ikilisiya a Duwala ya zo arewa a 1959, ya zauna a Tokombere yana hawa duwatsu ba takalmi, har ya rasu a 1975. A 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ake bi kafin a kai ga kiran mutum waliyyi. A ɗakinmu akwai wani Bamada wanda mahaifinsa ya san shi ido da ido, kuma in ya fara ba da labarinsa ba ya gajiya. Wata rana ya ce shi ma zai daina sa takalmi. Ya yi kwana 3, ƙaya ta raba gardama.

Maƙwabcin gadona Bamafa ne daga wani ƙauye na kan iyaka, bayan Koza. Gajere, mai ƙarfi, mai minshari kamar injin niƙa. Shi ya koya mini yadda ake jera dutse a gangare don kada ruwa ya kwashe ƙasa, kamar yadda mutanensu suke yi a gonakin kan tudu. Ni kuma na koya masa Hausa, don ya ce kasuwar da suke ci tana tsallaken Nijeriya, kuma ya gaji da a cuce shi a awo. Da muka gama ciniki da lissafi, sai ya ce in koya masa addu'o'i ma. Na rubuta masa su a bayan littafinsa.

Mai karatu da ke birni zai so ya san abin da katikis yake a ƙauye. Fada ɗaya yana iya riƙe ƙauyuka da yawa, ba ya isa kowanne sai bayan makonni. Katikis ne yake jan sujada ran Lahadi, shi yake koyar da masu shirin baftisma shekara da shekaru, shi yake binne matattu, shi ake tasa da dare in mace da miji sun saɓa. Abin da ake ba shi bai isa ci ba, gonarsa ce ke riƙe shi. In masifa ta zo, ana iya janye Fada zuwa gari, amma katikis ɗan ƙauyen ne, rumbunsa yana nan, kabarin ubansa yana nan, kuma kowa ya san ƙofarsa.

Masifar kuwa ta zo. A Nuwamba 2013 'yan Boko Haram suka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe, aka sako shi a ƙarshen Disamba. A Afrilu 2014 aka ɗauke fada 2 'yan Italiya da wata Sista 'yar Kanada, Gilberte Bussière, a Cere, nan kusa da Marwa, suka yi kusan wata 2 a hannu. A Yuli 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta. Waɗannan duniya ta ji. Ƙauyukan kan iyaka kuwa suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kwana a kan duwatsu, suna gangarowa Koza da Mozogo da Mokolo da abin da kai ya iya ɗauka. A shekarun nan ne shafin baya na jaridarmu ya fara cika. Daga ɗakinmu kaɗai sunaye 5 suka hau, har da maƙwabcin gadona da mai buga ƙararrawa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa mutum yana raye amma ba ya rubutowa. Waya takan ɓace a gudu, lamba ta tafi da ita. Kuɗin jarida sefa 1,000 ne a shekara, wanda yake neman abin da yara za su ci ba zai tuna da shi ba. Amma a ganina babban dalili kunya ce. Jaridar tsofaffin ɗalibai, tamu da ta manyan makarantu duka, an gina ta ne don ba da labarin ci gaba. Wanda ya yi rufin kwano yana da abin faɗa. Wanda aka ƙone masa ɗakin addu'a, yana raɓe a zauren surukinsa, sai ya ga kamar ba shi da wuri a cikinta, ya janye kansa ba wanda ya kore shi.

Hausa ce ta nemo mini abokina. An buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013 saboda 'yan gudun hijira daga Nijeriya, da yawansu mutanen wajen Gwoza, kuma akwai Kirista a cikinsu waɗanda ba su jin Faransanci ko Fulatanci. A 2016 aka aike ni can na 'yan kwanaki in taimaka da koyarwa. Wata dattijuwa ta ce mini, "Malam, Hausarka irin ta katikis ɗin da ya sauke mu ce ran da muka tsallako." Na ce wane katikis? Ta ce wani gajere ne, ya shimfiɗa musu a ɗakin addu'a, ya ja musu addu'a da Hausa daga bayan wani tsohon littafi, kuma da dare minsharinsa ya hana jikokinta barci. Ban bari ta ƙarasa ba.

Na same shi a Koza, shi da matarsa da yara 6 a ɗaki ɗaya na aro. Ya rame, furfura ta fito. Muka rungume juna, ya ce "Sobajo," wato aboki da Fulatanci, kamar yadda muke kiran juna a ɗaki. Bayan an sha ruwa na ce, "Ɗan'uwa, shekara 2 sunanka yana shafin baya. Ko layi ɗaya ba ka aiko ba?" Ya ce, "In rubuta me? In ce gonata ta koma daji?" Sai ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Bai fito da akuya ba, bai fito da hatsi ba, amma ya fito da littafin da yake rubuta masu shirin baftisma: sunan kowa, shekarar da ya fara, da inda ya tsaya. Ya ce yana bin su ɗaya-ɗaya a inda suka watsu, don kada wanda ya yi shekara 3 yana koyo a ce ya koma farko. A lokacin ya riga ya gano fiye da rabinsu, da ƙafa.

Da izininsa na rubuta wa mai haɗa jaridar wannan labari, aka buga shi a tsakiya, tsakanin wani aure da wani rufin kwano. Mai haɗawar, Allah ya saka masa, ya ƙara da wani abu nasa: ya roƙi kowane mai karatu ya ɗauki suna ɗaya daga shafin baya ya zama nasa, ya yi cigiya a kasuwa da asibiti da wurin jana'iza, kuma ya yafe kuɗin jarida ga duk wanda ya bar ƙauyensa. Ta haka aka sami 3 daga cikin na ɗakinmu. Biyu suna raye, ɗaya yana aikin gadi a Garwa, ɗaya yana noman albasa a gonar haya. Na ukun an tabbatar ya rasu, ciwo ne ya ɗauke shi a gudun hijira, sai aka mai da sunansa shafin matattu, muka yi masa Misa. Ko wannan ma sauƙi ne, don matarsa ta ga an tuna da shi.

Saura mai buga ƙararrawa, kuma shi ne sunan da na ɗauka. Ban rubuta sunansa a nan ba, kamar yadda ban rubuta na sauran ba, domin sunan katikis na kan iyaka ba abin bazawa a takarda ba ne. Labari na ƙarshe da na samu shi ne an gan shi ya bi hanyar Mubi da iyalinsa. 'Yan'uwa na Mubi da Yola da kewaye, in akwai wani baƙo a ikilisiyarku, dogo, mai tabon ƙuna a hannun hagu, Hausarsa tana gauraye da Fulatanci, wanda yake riga kowa isa ƙofar coci da asuba, ku tambaye shi ko ya taɓa kwana a gadon bakin ƙofa. In ya ce i, ku gaya wa Fadanku ya aiko da saƙo Dayosis ɗin Marwa-Mokolo, a ce a ba katikis na Dugoi mai jin Hausa.