Shaidar da ke manne da cinya

A duwatsun jihar Colorado ta Amurka, maharbi kan kayar da barewa a inda mota ba ta zuwa. Daga nan har bakin titi, a bayansa zai ɗauko ta. Shi ya sa a wurin yake feɗe ta. Ya cire cinya biyu, karfata biyu da naman gadon baya, ya zuba a buhunan yadi masu shan iska. Ƙashi da kayan ciki ya bar wa hankaki. Duk abin da ba a ci, nauyi ne kawai. Amma akwai abu ɗaya da ba ya ci, kuma bai isa ya yar ba: maraina.

Idan mace ce, hantsa zai bari ko al'aurarta. Ba kuma a aljihu zai sako ba. Dole a same shi manne da cinya ko wani babban yanki na naman, yadda Allah ya halicce shi. Kan da aka guntule, komai rassan ƙahonsa, Colorado ba ta ɗaukarsa shaida. Kai yana iya zama na wannan dabba, nama na waccan.

Kada ka yi dariya tukuna, maƙwabci, abin da lissafinsa. Lasisin da mutum ya saya shi ke faɗa masa namiji zai harba ko mace. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa a kaka ɗaya, saboda haka kashe maza bai cika rage haihuwa ba. Kashe mata shi ke rage garke. Wajen 1900 masu farautar sayarwa sun kusa ƙarar da barewar ƙasar, kuma a shekarar aka kafa dokar Lacey, wadda ta hana tsallake iyakar jiha da naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba. Tsoka kuwa, in an raba ta da fata, ba ta faɗin ko ta wace ce.

To ka dubi mutumin. Ga bindiga mai tsada jingine da itace, ga fitila ɗaure a goshi, yatsu sun ƙage da sanyi. Ya durƙusa da 'yar wuƙa yana lallaɓa wurin kamar wanzami. Zare ɗaya na fata ke riƙe da shaidar, in wuƙa ta zame ta tsinke shi, tara na jiransa. Da ya gama sai ya sa wa abin leda ya ɗaure, don kada gashi da warin fitsari su taɓa naman.

Kai yana raba gardama, in an bar shi a jikin gawar. Amma yanzu kan ma ya zama abin tsoro. Akwai wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita, wadda aka fara gani a Colorado a 1967. Saboda ita jihohi da dama sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga inda ta ɓulla.

Jihar Idaho ta ƙara nata. Barewa iri biyu ce a can. Ɗaya mai manyan kunnuwa irin na alfadari, jelarta siririya mai baƙin baki. Ɗayar jelarta faffaɗa, ƙasanta fari fat, tana ɗaga ta in ta zura da gudu. A lokacin da aka buɗe farautar iri ɗaya kawai, wanda ya cire kai dole ya bar jela da gashinta duka manne da naman.

A shingen bincike na bakin hanya, mafarauci yana ta nuna ƙaho. Jami'in kan yaba, sannan ya ce a kwance buhun cinya. Wanda bai harbo komai ba ma, a Idaho sai ya tsaya.