Bayan an gama gashi

A ƙarshen Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar ƙarancin takardun kuɗi, muka dawo da Yaya gida Sama Road a Sakkwato daga Abuja, inda aka yi masa gashin ciwon daji a Babban Asibitin Ƙasa. Ciwon a bayan hanci yake, can inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Irinsa ana gasa shi ne daga Litinin zuwa Juma'a, mako shida zuwa bakwai, kullum 'yan mintuna, mutum yana kwance an danne masa kai da wata ragar roba da aka yi daidai fuskarsa don kada ya motsa.

Da labari ya bazu an gama, sai gida ya cika da 'yan barka. Inna ta sa aka yi waina aka raba sadaka. Kowa ya ɗauka an rabu da wahala ke nan. Ni da na yi jinyarsa na san likita ya riga ya ja mana kunne cewa gashi yana ci gaba da aiki a jiki bayan an kashe na'ura, kuma mako ɗaya zuwa biyu na farko sun fi kowane lokaci tsanani. Haka kuwa aka yi. Fatar wuyansa ta yi baƙi ta fara saɓulewa, gemun gefe guda ya zube, cikin bakinsa duk gyambo. Ruwa ma sai ya runtse ido kafin ya haɗiye.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne miyau. Hasken da ke kashe ƙwayoyin daji yana bi ta kan ƙullutun da ke samar da miyau, su ma ya taɓa su. Mutumin da ba ya raba bakinsa da goro, yanzu in ya tauna sai ya tsaya masa kamar dusa. Ɗanɗano ma ya tafi. Na kawo masa tuwo da miyar da ya fi so, ya dube ni ya ce, "Ke, mi kike son in yi da shi da wanga baki?" Daga nan muka koma kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, da fura da nono an dama ta laɓu ba yaji ba citta, da ƙwai, da miyar yauƙi, kuɓewa ko karkashi, don ita ce ke zamewa ba sai an yi kokawa ba. Kafin abinci da bayansa yana kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri da hodar bekin soda, yadda ma'aikatan jinya suka koya mana. Kowane mako ina ɗora shi kan sikeli, don rama ce abin da likitoci suka fi tsoro a lokacin.

'Yan dubiya kuwa kowa da maganinsa: mai man zaitun, mai habbatussauda, mai wani garin sassaƙe da za a barbaɗa a wuyan. Mukan karɓa mu yi godiya mu ajiye, don an hana mu shafa komai a wurin sai man da asibiti ta rubuta, an kuma ce ya guji rana, ya bar rigar da ke goge wuya. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa, wai hasken yana kama mutane. Ban ga laifinta sosai ba, ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Gashin da ake yi daga wajen jiki ba ya barin komai a jikin mutum da zai cuci na kusa da shi, kuma sai da ta ga jikan Inna a cinyar Yaya sannan ta saki jiki.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, a farkon zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40. Nan muka yi rigima. Ya dage sai ya ɗauka, shi da ba ya iya rabin awa bai jiƙa maƙogwaro ba. Likita ya hana, bai ji ba. Sai da limamin unguwa ya zo har ɗakinsa ya zaunar da shi. "Alhaji, wanda ya farlanta azumin shi ya yi wa marar lafiya rangwame. Ka sha, in ka samu sauƙi ka rama." Ya yi shiru, ya miƙa hannu ya ɗauki gorar ruwansa. Ranar bai yi wa kowa magana ba har isha'i.

Sauƙi ya zo a hankali. Gyambon baki ya rufe kafin ƙaramar Sallah, ɗanɗano ya riƙa dawowa guntu-guntu, gajiya kuwa ta bi shi har cikin damina. Yanzu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake ganin likita, inda yakan tarar da mutanen Kabi da Zamfara da na Birnin Ƙonni a kan benci ɗaya. Ana duba masa maƙoƙo ta gwajin jini, yana atisayen buɗe baki don kada muƙamuƙi ya ƙage, an kuma gargaɗe shi kada ya yarda a cire masa haƙori sai likitan haƙorin ya san an taɓa gasa wurin, saboda ƙashin ba ya saurin warkewa. Ya koma shagonsa a babbar kasuwa. Miyau bai dawo kamar da ba, kuma sun ce mai yiwuwa ba zai dawo duka ba.