Kalmar da Ta Ɓata a Kasuwar Bury

Daga tsakiyar Manchesta zuwa garin Bury tafiyar kusan rabin awa ce a ƙaramin jirgin ƙasan nan mai ratsa gari. Ranar Asabar na je, kasuwa ta cika maƙil, ga yayyafi. Ina tsaye gaban mai kifi sai wani yaro ya fizge jakar kuɗin uwarsa. Ta miƙa hannu ta ce, "Give it me."

Shekara goma sha biyu ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk ɗalibin da ya rubuta mini haka sai jan biro ya hau kansa. Abin da littafi ya ce a sarari yake: in abin da aka bayar ya riga wanda aka bai wa, dole "to" ta shiga tsakani, a ce "give it to me". Ga Baturiya a garin kakanninta ta jefar da kalmar, kuma ba wanda ya ko waiwaya. Kafin la'asar na ji irinta sau uku.

Ashe tsohon zance ne. Tsakanin 1950 da 1961 Harold Orton na Jami'ar Leeds ya tura masu bincike ƙauyuka 313 na Ingila suna sauraren tsofaffi, suka tarar "give it me" ta yi ƙarfi a tsakiyar ƙasar da arewa maso yamma, wasu wuraren na cewa "give me it", wasu kuma irin ta littafi. Tushen ya ma fi haka nisa. A tsohon Turanci siffar kalma ce ke nuna aikinta: "hine" shi ne karɓau kai-tsaye, wanda aiki ya faɗa wa, "him" kuma karɓau kaikaitacce, wanda aka yi dominsa. Da "hine" ta mutu, nauyin ya koma kan jerin kalmomi, kowane yanki ya jera yadda bakinsa ya saba.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Bakano zai ce "na faɗa wa Audu", Basakkwace ya ce "na faɗa ma Audu", kuma a daidai wannan gaɓar ta nahawu suka rabu. "Ba ni shi" ɗinmu kuwa, mutum kafin abu, ita ce "give me it" sak.

Abin da na yi ta kasa kunne ban ji ba a mako ukun da na yi a Ingila shi ne "explain me", wadda ɗalibaina ke ɗaukowa daga "bayyana mini". Aikatau irin su "give", "tell" da "send", na gado ne, suna ɗaukar karɓau biyu a jere. "Explain" da "donate" baƙi ne daga Latin da Faransanci, sai da "to". Wannan bambancin ya fi cancantar lokacin aji, kuma ina takaicin shekarun da na yi ina haɗa kuskuren gaske da karin harshen wasu a ƙarƙashin jan layi ɗaya. Mai jarrabawa "to" yake so, zan ci gaba da koyar da ita, amma zan riƙa gaya wa yara daga ina dokar ta fito.

Mai kifin ya ga ina juya takardar fam ashirin ina neman canji. Ya buɗe tafin hannu yana murmushi, ya ce in "give it him", wato yaronsa da ke riƙe da akwatin kuɗi. Na miƙa masa.