Sanyin Jos da hancin mai juna biyu

Idan ka taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga, kunnuwanka ne za su fara gaya maka cewa ka kusa Filato. A Hawan Kibo mota tana nishi tana kewaya dutse, kunne ya toshe ya buɗe, wani daga baya ya ce a ɗaga gilashi. Kafin ku wuce duwatsun Riyom, waɗanda suke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, kowa ya laluɓo rigar sanyinsa. Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma a wasu dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan faɗi ƙasa da digiri 10.

A irin wannan lokaci na je Unguwar Rogo duba ƙanwata da aure ya kai can, tana da cikin wata bakwai. Daga amsa sallamarta na ji muryar ta hanci take fita.

"Yaya, murar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wata biyu ke nan da baki nake numfashi."

Babu zazzaɓi, babu tari, babu ciwon maƙogwaro. Surukarta, dattijuwa mai kirki da aka haifa a Gangare, ta riga ta yanke hukunci: "Sanyin Jos ne, 'yar nan ba ta saba ba." Za ka ji wannan jumla sau goma a rana a garin nan. Tana da gaskiyarta, domin busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta suna ƙara wahalar da hanci. Amma ba mura ke damun yarinyar ba, kuma ko a Legas take zaune haka za ta iya yi.

Ga abin da ke faruwa. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, sinadaran da ke riƙe cikin kuma suna sa fatar cikin hanci ta cika da jini ta kumbura. Hanya ta ƙuntata, ga majina fara kamar ruwa, wani lokaci har da haɓo, da minshari ga wadda ba ta taɓa yi ba. Kusan mace ɗaya cikin biyar tana haɗuwa da wannan, kuma yakan tafi da kansa cikin mako biyu bayan haihuwa.

Haki ma haka. Da safe na raka ta Farin Gada sayen kabeji da karas da dankalin Turawa, kasuwar da tun asuba manoma ke sauke kaya, bakinsu na fitar da tururi. Sau uku muka tsaya a ɗan hawan da ni ban ma lura da shi ba. Ciki yana sa mace ta riƙa jan numfashi mai zurfi tun daga watannin farko, daga baya kuma mahaifa ta turo sama ta matse huhu. Ka haɗa da garin da kusan kowane lungu hawa ne ko gangara. Irin wannan haki yana zuwa a hankali, idan ta huta ya lafa, kuma ba ya hana ta magana.

Abin da ya tayar min da hankali da daddare na gan shi. Bayan isha'i aka shigo mata da kasko cike da garwashi, aka rufe taga, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, wai don kada sanyi ya ƙara mata murar. Ga turaren wuta a gefe. Gawayi mai ci a ɗaki rufe yana fitar da wata guba da ba ta da launi ba ta da wari, mai shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwar ƙarfin kama ta, ya kuma fi daɗewa da ita. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, abubuwan da kowa zai ce laulayi ne, daga nan sai barcin da ba a tashi. Hayaƙin janareto a bakin taga ma ita ce.

Ban iya gardama da manya ba, sai na ce, "Inna, ki yafe ni, a bar kaskon a tsakar gida, bargo ni zan kawo." Washegari na shiga Kasuwar Katako, inda dilan gwanjo ke tsibi-tsibi, na sayo barguna biyu da safa. Kai maigida, kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

A kan tagarta kuma na ƙirga kwalaben maganin ɗigawa a hanci har uku daga kemis. Irin wanda ke buɗe hanci nan take, in an wuce 'yan kwanaki ana sa shi, shi da kansa yake mayar da toshewar fiye da da. Malamar awon ciki ta ce a ajiye su, ta hana shan ƙwayoyin mura ba tare da an tambaya ba. Ta ce a yi amfani da ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a yi sirace da ruwan ɗumi zalla, a ƙara matashi ta kwanta ta gefe, a sha ruwa ko ba ƙishi.

Sai ta juyo gare mu, mu 'yan rakiya, ta ce akwai numfashin da ba a jira gari ya waye a kansa. Wanda ya zo farat ɗaya tana zaune, ko ya zo da ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, tarin jini, ko kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo. Wanda ke hana ta kwanciya sai a zaune. Kumburin fuska da hannuwa da ciwon kai da gani dishi-dishi, wanda hawan jini ne mai iya kai wa ga jijjiga. Tafin hannu da cikin ido su yi fari fat saboda ƙarancin jini. Ke uwargida, ko a Jos kike ko a Kaduna, in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ki yarda a ce miki sanyi ne, asibiti za a nufa a daren.

Ƙanwata ta sauka lafiya a watan Maris, an samu mace. Kwana kaɗan bayan suna ta kira ni, muryarta tas har sai da na sake duba lambar. A lokacin hunturu ya wuce, don haka Inna tana nan kan bakanta cewa sanyi ne ya tafi da kayansa.