Buku da Duku: Mako Guda a Kuala Lumpur

Litinin
Malamar su Auta ta tsare ni a bakin ƙofar makaranta. Ta ce yaron akwai kaifin kai, in tambayar baki ce shi ne farkon ɗaga hannu, amma da an ce a buɗe littafi sai ciwon ciki ya tashi. Ta nuna mini aikinsa: inda ake son buku, wato littafi da Malayanci, ya rubuta duku, ɗan itacen nan da nake saya a kasuwar Chow Kit. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce juya b da d ba komai ba ne ga ɗan shekara biyar ko shida, amma Auta shekararsa takwas.

Talata
Barci ya ƙi zuwa, sai tariyar baya nake yi. Bai yi magana da wuri ba. Asibiti "abisiti" yake ce masa, mu kuwa muna ta kwaikwayonsa muna dariya. Har yau ba ya iya jero ranakun mako sai ya tsallake ɗaya. Ni da Babansa muka ɗora laifin a kan yawan harsuna: Hausa a gida, Turanci da Malayanci a waje, Larabci a islamiyya. To ai yayarsa ma cikin harsunan nan ta tashi, ga ta tana karatunta tiryan-tiryan.

Laraba
Auta, hadda a ka ba shi da na biyu. A ce ya nuna da yatsa inda yake karantawa, nan ake yin ta.

Alhamis
Na hau jirgin LRT daga Gombak zuwa Ampang, ofishin ƙungiyar Persatuan Dyslexia Malaysia. A can aka ce mini abin sunansa disleksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan a 1887, amma ba ciwon ido ba ne, ba kuma raunin hankali ba. Ƙwaƙwalwa ce ke wahalar haɗa harafi da sautinsa. Alamun suna sauya kama da shekaru: ƙaramin yaro hargitsa gaɓoɓin kalma, ɗan firamare cankar kalma daga harafin farko, matashi da babba kuwa jinkirin karatu da gudun a sa su karanta a gaban jama'a. Da aka tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangi, domin yana bin jini, sai gabana ya faɗi.

Juma'a
Na kira Yaya a Zariya. Mutumin da daga jin ƙarar inji zai gaya maka abin da ke damun mota, amma a aji biyu na sakandare ya jefar da karatu, bayan ya sha bulala da sunan daƙiƙi. Saƙon WhatsApp ma na murya kaɗai yake turowa. Tare muka kalli fim ɗin Aamir Khan, Taare Zameen Par na 2007, na ci kukana saboda yaron Indiya mai irin wannan matsala, alhali nawa, Yaya, na zaune kusa da ni.

Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanwata, ashe abin har suna gare shi?"

"Akwai, Yaya."

"To kada ki bari kowa ya taɓa mini ɗa."

Asabar
Na zuba shinkafa a faranti, Auta yana zana harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Mun yi rubu'in awa ba kuka. Ranar Talata za a yi masa cikakken gwaji. Dorinar da ke rataye a bayan ƙofa kuwa tun safe na jefa ta a shara.