Madubin hangen nesa a sararin Arewa

Daga kan duwatsun Dogon Dutsi, jirgin sama mai ratsa Dallol Mawri ɗan farin zare ne kawai, domin tsakaninsa da ƙasa akwai kimanin kilomita 10. Mai sha'awar ganinsa da kyau sai ya nemi madubin hangen nesa, kuma a nan ne da yawa ke asarar kuɗinsu.

Lambobi biyu ke rubuce jikin madubin. A 10x50, lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wani ɗan kasuwa na Tibiri ya sayo 20x50 a Kano, bisa zaton babbar lamba ita ce nagarta. Da ya ɗaga shi, hannu ya kama rawa, jirgi ya ɓace masa. Ga mai riƙewa da hannu, 8x42 ko 10x50 sun wadatar. Kamara kuwa tana son gilashi mai milimita 300 zuwa sama. A hunturu, hazo kan mai da madubi mafi tsada banza.

Saura abin da ba a saye a kanti: sanin inda ba a auna madubi. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana haɗe da sansanin sojan sama na 101, kuma jandarman da ya ga kamara a wajen ba zai ɗauke ta abin sha'awa ba. Gani ya kori ji, amma wani ganin kan hana mutum kwana a gidansa.