Lagireton Fijon Kawu

Duk wanda ya saba bin hanyar Djougou zuwa Bassila a watan Maris ko Afrilu ya san motar da ke tsaye a gefen titi, an ɗaga mata baki, tururi na tashi, fasinjoji sun watse ƙarƙashin bishiyar kaɗanya. Sau da yawa Peugeot ce, 504 ko 505, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, daga baya kamfanin PAN ya riƙa harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba su yanke a kasuwanninmu ba. Mota ce mai jure wahala. Abin da ba ta yafewa shi ne zafi.

Ni aikina magana ce a gidan rediyo a Parakou, amma a Pélébina aka yanke mini cibi, kuma a can kawuna yake da tasa 504 ɗin, doguwar nan mai layin kujeru uku. Ita ke kai mata da doya da man kaɗanya kasuwar Djougou. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ƙofarsa ake bugawa. Saboda haka da lagiretonta ya fara yoyo ta wurare uku, allurar zafi kuma ta koma kwana kusa da ja, maganar ta wuce ta gidanmu kaɗai. Kawu ya kira ni ya ce, “Ɗana, ku ne a birni. Ka duba mana abin da ya dace, amma ka tuna aljihuna.”

Zaɓi uku na tarar a Parakou. Akwai sabon lagireto na alminiyam mai tankin roba, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi. Akwai tsoho na jan ƙarfe da aka ciro daga wata motar. Sai kuma a kai namu wurin masu gyaran lagireto su sake masa ciki gaba ɗaya, su bar tankunansa na asali. Wani dattijon bakanike da na zauna da shi ya tambaye ni abu guda: “Malam, in ta fashe muku a daji, wa zai gyara?” Na jan ƙarfe ana liƙe shi da dalma a kowane gari, ana kuma buɗe shi a zura ƙarfe a share bututunsa. Tankin roba kuwa in ya tsage, yawanci sai dai sabo. Tsohon da aka ciro kuma ba ka ganin cikinsa. Mai yiwuwa rabin bututunsa a toshe suke.

Muka tsaya kan na uku, aka sa ciki mai layi uku maimakon biyu. Kuɗin ya fi na sabon, har sai da na cika da wani abu daga albashina. Dattijon dai ya gargaɗe ni cewa yawan layi ba shi ne magani ba in iska ba ta ratsawa. A hanyarmu jar ƙura da ɓurɓushin audugar da manyan motoci ke zubarwa suna liƙe haƙarƙarin lagireto kamar an shafa masa laka. Dole a riƙa wanke shi daga bayansa, da ruwa mara ƙarfi, don kada siraran ganyayyakin su lanƙwashe.

Inda muka yi doguwar muhawara da Kawu shi ne ruwa. Shekara da shekaru ruwan rijiya yake zubawa. Ruwan rijiya na ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a cikin bututu, irin farin da ake gani a gindin butar shayi. Ga shi jikin injin 504 baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam, tsatsa na cin su in babu maganin da ke hana ta. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Kawu ya ce ubangidansa bai taɓa sayen ruwa don mota ba. Na ce masa, “Kawu, shi a zamaninsa motar yarinya ce.” Ya yi dariya, ya yarda.

Sai ƙananan abubuwan da ake rainawa. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsi, ruwan ya wuce haka bai tafasa ba. Murfin Kawu robarsa ta mutu tuntuni, ashe ta nan ruwa ke gudu. An kuma cire wa motar tamostat, kamar yadda ake yi a garejinmu da sunan maganin zafi. Cire ta ɓoye cuta ne kawai: injin ya daɗe bai ɗumama ba da asuba, ya sha mai, ya ci kansa. Aka mayar da ita, aka ɗaure fanbel, aka canja tiyo biyu da suka kumbura.

Abin da na fi so direbobi su riƙe shi ne abin yi idan allura ta hau. A tsaya, a kashe, a jira. Kada a buɗe murfi da zafinsa, tururin na sale fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙone da zafi, kan injin na iya lanƙwashewa ko ya tsage, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na lagireto. Haƙurin rabin awa a inuwa ya fi sayar da buhunan masara.

Na kawo batun a shirina na safe, wayoyi suka yi ta shigowa daga tashoshin mota. Wani direba ya ce shi barkono yake zubawa ya toshe yoyo. Na amsa masa cewa abin da ya toshe rami zai toshe bututu ma, kuma bututun sun fi ramin yawa.